Ɗafa-ƙeya

A Bunza, bayan lisha,
waya bisa buhun shanshera,
ina bitar Koriyanci.

Karɓau a can ba ya fita tsirara.
In ya ƙare da baƙi, a liƙa masa ul,
in wasali ne, rul.
Aikatau kuwa sai can ƙarshe yake isowa
kamar takin gwamnati.

Bara ruwa ya ci fadamarmu.
Na gwada faɗin haka:
non, gonar shinkafa, ta koma nonul.
Inna Kulu ta leƙo:
"Nono kake nema da daren nan?"

Ban iya gaya mata ba
harshen nan yana yi wa wanda aka ci shaida.
Na lalubo tawa a duhu:
narul.