Shuɗiyar Wuta

Shekara huɗu tana kwance gindin bedi a Bagalam,
kat-san-kat ɗin Baba Nomau, bashe ruwan ƙasa.
Kaji sun ƙyanƙyashe a kujerarta ba adadi,
gizo-gizo ya yi saƙa daga delko zuwa karburater.
Ita ta yi jigilar gyaɗa daga Jiratawa
tun ban san dama da hagu ba.

Wurin Tsahiru na sayo bobin, bayan tasha,
jika tara, bayan ciniki har shayinsa ya huce.
Ya rantse ba ta taɓa shiga mota ba.
Na ga tabon kile a notinta, na yi shiru.

Tsohuwar ta tsage a wuya, manta ya tsiyaye.
Na kwance ta, na sa wa Baba a tafi.
Yana ta rufe idonsa tun bara waccan,
amma yatsun suna nan.
Ya shafa, ya kai hanci, ya jinjina nauyinta.
"Wagga a Damagaram na saye ta,
shekarar da aka haifi Baraka."

Waya uku ce kacal.
Ɗaya daga kontak, ɗaya zuwa delko,
sai babbar tsakiya mai kaurin ɗan yatsa.
Na kankare bakin kowace da wuƙa
har jan ƙarfe ya fito yana ƙyalli.
Baƙin mai ya rufe alamun da ke kan bobin,
na ɗaura yadda raina ya ba ni.

Batir na aro ne, na Illa mai cajin waya,
kafin magariba za a maida.
Na taɓa ampul, ta kama. Wuta na zuwa.
Na zare babbar waya, na kai ta jikin inji,
na bar tazarar ƙwayar wake.
"Habsu, murɗa kile!"
Ɗiyata ta murɗa da hannu biyu.
Demarer ya yi gurnani,
tartsatsi ya fito ja-ja, a kasalance,
kamar ashanar da ta kwana cikin raɓa.

Daga kan tabarma Baba ya ce, "Ban ji ta ba.
Wuta mai lahiya magana take, tas! tas!
Wagga raɗa take yi. Ka juya wayoyin, yaro."

Yaro.
Shekara sha biyu ina gyaran babura a Sabon Gari,
yarana uku a gareji suna kirana maigida.
Gardama ta zo min har maƙogwaro, na haɗiye.
Na tofa yawu a kan bobin, na goge da gefen riga:
ga alamar ƙari, ga ta ragi,
ga wayar kontak zaune daram inda ba gidanta ba.

Na kwance, na sauya, na ɗaure tamau.
"Habsu, sake."

Shuɗiya! Tas, tas, tas!
Ta ga ƙarfe ya yi mata nisa, ta bi gumin hannuna,
ta haura gwiwar hannu, ta buga min a haƙori.
Na yi salati na watsar da waya.
Habsu ta kifa kai kan sitiyari tana dariya,
Baba ya tafa cinya: "Ta gaishe ka ke nan.
Ni sau nawa!"

Na maida waya gidanta,
na ɗiga esans, cikin murfin kwalba, a karburater.
Tari ɗaya. Tari biyu. Shiru.
Sai ta ɗauka,
hayaƙi ya turnuƙe zanen maƙwabta a kan igiya,
wata kaza ta fito daga ƙarƙashi tana zage-zage.

Baba ya tashi ba sanda.
Ya lalubo gefen kapo, ya shimfiɗa tafinsa,
ya karkata kai, ya daɗe haka.
Na zaci addu'a yake.
"Ta uku na ɗingishi," ya ce. "Buji ne. Gobe."

Tayoyinta biyu kan bulo suke, ba inda za ta.
Yaron Illa ya iso, ya tsaya bakin zaure.
Na ɗaga masa hannu: dakata.
Muka bar ta tana ta faɗa,
tafin Baba na rawa a kan ƙarfe,
har ɗan abin da ke tanki ya ƙare.