Watanda

Ran jajibere a Tudun Wada
muka yi watanda, mu goma sha tara.
Tanimu mahauci ya kasa nama kan buhu.
Mai dubu ashirin ya ɗau tsibinsa,
Ladi mai ƙosai, da dubu ukunta,
ta tafi da nata, har da ɗan hanta.
Ba wanda ya ce don kuɗinsa ya fi
zai haɗiye saniya har ƙaho.

Ran zaɓe kuwa na bi layi a firamare
har inuwa ta juya.
Aka ƙirga da fitilar waya, aka tattara:
ƙuri'a takwas ta raba mu, duk faɗin mazaɓa.
Takwas!
Suka ɗauke kujera da ƙafafunta huɗu,
muka tashi da tawada a babban yatsa.

Kwana uku ina wanke ta.

Jiya a keke, wajen Kasuwar Barci,
Malam Bulus ke cewa
akwai inda ake kasa majalisa
gwargwadon ƙuri'ar kowa.
Direba ya ja tsaki: "Manya za su yarda?"

Ni dai na ce a sauke ni mahauta.
Zan tambayi Tanimu
wa ya koya masa lissafi.