Binuwai a Gwiwar Wando

A kasuwar gwanjo ta Garwa,
abin da dila ta amayar aka rasa mai tayawa,
shi Astajam ke tsinta:
wandon jins mai yagaggen aljihu, sefa ɗari biyu,
wani ma kyauta ake miƙo mata, ana dariya.

Ta wanke, ta shanya a kan zana.
Almakashinta ba ya gaggawa.
Shuɗin da bai sha wahala ba
na tsakiyar kogi ne, inda dorina ke nutso.
Wanda rana ta cinye har ya koɗe,
sararin sama ne bayan la'asar.
Ɗinkin gefe mai zare ruwan goro
ta miƙe shi ya zama gada,
maɓallan ƙarfe suka zama fitilun manyan motoci
masu kai auduga kudu.

Na ce, wannan farin fa, na bakin ruwa?
Ta yi shiru, allura a leɓe.
Gwiwar wandon ƙanenta ce, Hamajoda,
Allah ya jiƙan rai.
Shekara tara yana durƙuso a kanta
yana gyaran mashinan mutane a Yelwa.
Tabon baƙin mai ya ƙi fita. Ta bar shi.
Ta ce yashin rani ma ba tas yake ba.

Wani baƙo ya taya, ya ƙara, ya sake ƙarawa.
Ta ce aikin bai ƙare ba,
saura kwalekwale ɗaya.

Damina uku ke nan
kwalekwalen na cikin gwangwanin zare,
yankakke,
ba ta ɗinka ba.