Kudu da Iskar Kudu

Kawu Rapula ba ya duban sama,
gwiwarsa yake tambaya.
In ta yi tsami tun asuba
sai ya ce, "Seabelo, mai da harsashi aljihu,
yau mai murɗaɗɗen ƙaho ba zai fito ba."

Kwana uku muna bin gaɓar Motloutse,
kogin da ya koma yashi zalla.
Takardar izini ɗaya, dabba ɗaya,
garin dawa ya kusa ƙarewa a jaka.

Ranar farko iska ta haukace,
busasshen ganyen mopane na ta tafi.
Shi kuwa kudu da kunne yake rayuwa;
in daji ya cika da surutu
sai ya shige kwazazzabo, ya tsaya cik,
ratsin jikinsa ya saje da inuwar ƙaya.
Sau biyu muka wuce shi, in ji sawu.

Ta biyu, farin wata ya cuce mu:
ya ci ya ƙoshi cikin dare,
ya sha a ramin da giwaye suka tona,
ya bar mana kashi da sauran ɗumi
kamar mai cewa a gai da gida.

Dare na uku iskar kudu ta sauko
da yayyafi mai ratsa ƙashi
a watan da ba a san ruwa ba.
Muka ƙudundune a bargo ɗaya, kawu na tari.
"Sanyi da jiƙa," ya ce, "su ne maharba.
Dabban nan ba shi da kitse.
Gobe nemi inda hantsi ke fara taɓawa."

Can muka same shi a gangare,
a durƙushe,
ƙaho murɗa biyu da rabi jingine da dutse,
tururi na fita hanci kaɗan-kaɗan.
Ya gan mu.
Manyan kunnuwan suka juyo,
ƙafafu suka ƙi.

Na ɗaga bindiga, hannu na rawa,
ban sani ba ko sanyi ne.
"Harba, rage masa wahala," in ji kawu,
"amma in mun isa Bobonong
kada ka ce kai ka kashe shi."

Muka feɗe kafin ungulu su ankara.
Ƙahon na nan a bangon ɗakin innata.
In baƙi sun tambaya, nakan dubi ƙasa,
kawu na gefe yana shafa gwiwa.