Ƙullin Gwaggo Ige

Shekara talatin da biyu ina akawun kotu a Birnin Kebbi,
alƙalami ya yi mini kanta a ɗan yatsa.
Da na aje aiki na komo Aliero
na tarar da bayan ɗakinmu fako ne, ko tsidau ya ƙi shi.
Na ce a nan zan ga ƙarshen sayen albasa.

Na auno takin zamani mudu biyu ranar kasuwa,
na watsa kamar mai rabon goro a wurin suna.
Kwana huɗu, irin ya ƙone ƙurmus.
Gwaggo Ige ta leƙo ta kan zana,
ba ta ce mini sannu ba.
Ta zagayo, ta durƙusa, ta ɗiba, ta murza,
ta shinshina, ta lasa.

"Mi kaz zuba mata? Wuta?
Wagga ba ta karya kumallo ba tun zamanin kakanka,
kai ko kana son ta ciyad da kai.
Tai turken awaki. Kwaso toka ga murhu.
Sannan ka zamna.
Zama ma aiki ne ga mai son dasa."

Na zauna.
Kashin awaki, ƙaiƙayin gero, tokar kara,
na binne su, ina bin su da ruwan guga,
mako uku ba ganye ba fure,
maƙwabta na cewa akawu ya zautu, yana wa fako wanka.
Ran da na kafta fartanya na ga tana tana miƙa a ciki
Gwaggo ta ce, "To, ta farka. Yanzu ka isa."

Fangali shida muka ja bayan an kai gero rumbu:
uku na albasa, biyu tumatir,
ɗaya tattasai da attarugu suna zaman haya.
Igiyar guga ta koya wa tafina abin da takarda ba ta koya masa.

Akuyar Arzika ta share fangalin tumatir a dare guda.
Na fara tsara ƙara a kaina, har da shaidu da ranar zama.
Gwaggo ta yi dariya har tana riƙe ciki:
"Kashin wa kab binne?
Bashinta taz zo amsa. Gyara shingenka, bar wasa."

Gwandar da na fi ji da ita ta fito namiji,
fure kawai, kamar lauya mai dogon bayani.
Na bar ta. Tana yi wa randa inuwa.

Da ganyen albasa ya kwanta, wuya ya yi laushi,
ta ce in yanke ruwa kwana goma, in bar ta ta ƙosa.
Gwaggo ba ta kai kwana goman ba.
Ran Laraba muka raka ta, cikin zafin bazara,
ran Asabar na tone: kwando huɗu, jawur,
kowace kamar dunƙulen hannu.
Na aika wa masu zaman makoki rabi.
Hawayen da na hana fita a maƙabarta
wuƙa ta fito da su da na yanka ta farko a tasa.

A ɗakinta, cikin tsohuwar kwalla,
ƙullin tsumma goma sha bakwai.
Iri ne. Ba suna, ba lamba, ba kwanan wata,
ga ni, wanda bai taɓa aje takarda ba sai da rubutu a bisa.
Na gane kuɓewa, na gane yakuwa da kabewa.
Sauran sun yi mini shiru.

Jiya hadari ya haɗo daga gabas, kwaɗi sun fara gyaran murya.
Na kwance su ɗaya bayan ɗaya,
na huda ramuka da yatsan nan mai kanta.
Rubutun Gwaggo ne, ban iya karatunsa ba.
Zan zauna, kamar yadda ta ce,
in ji abin da za ta karanto mini, ƙasa.