Bukka ta Huɗu

Jirgin fito ya sauke mu da la'asar sakaliya,
ni da jakata, da buhun dankalin wani,
da kare wanda duk tsibirin ne ubangidansa.
Ishbel mai riƙon makullai na jira a bakin gaɓa,
rigar ruwanta rawaya, hannunta na warin kananzir.
Ta ce, "Ta huɗu ce taki. Ƙofar na da taurin kai,
ɗaga ta sama kafin ki tura."

Bukkoki shida ne na katako, sun ba teku fuska,
sun juya wa gidan mai gandu ƙeya,
gidan nan mai tagogi arba'in da rufi mai yoyo,
wanda yanzu kuɗin kwananmu ke toshe masa ramuka.

A ciki akwai gado, da murhun ƙarfe, da buta,
bokitin ruwan sama da ganye ɗaya na iyo,
kyandir uku, ashana a cikin kwalba don gudun laima.
Wayata ta nemi layi, ta gaji, ta yi shiru.

Ban faɗa wa Ishbel ba
a wannan hurumin aka yanke wa kakata Peigi cibiya,
shekararta tara mai gandu na wancan zamani
ya lissafa, ya ga barewa ta fi mutum riba.
Suka hau kwalekwale da tukunya da agogon bango.
Yau ga ni na biya fam sittin kowane dare
don in kwanta inda saniyarsu ta kwana kyauta.
Na yi dariya ni kaɗai har na ƙware.

Rana a nan ba ta san sallama ba,
sha ɗayan dare tana leƙe ta ƙasan labule.
Can kan duwatsu karnukan teku na gurnani
kamar tsofaffin da tari ya hana barci.
Iska ta zagaya bukkar sau uku, tana laluben hanya.
Na ja bargo mai ƙaiƙayi, na bar ta tana nema.

Da safe teku ya ja baya, ya bar kayansa a shanya:
ciyawar ruwa, igiya shuɗiya, takalmin yaro ƙafa ɗaya.
Bayan bukka na yi tuntuɓe da dutsen dokin ƙofa,
tsakiyarsa ta lotsa don yawan taku.
Babu bango, babu ɗaki, amma na tsallake shi a hankali,
na tsaya a ciki, cikin ƙaiƙayin ciyawa.

Ran Laraba guguwa ta hana jirgi zuwa.
Burodi ya ƙare. Muka haɗu a bukka ta biyu,
malamin makaranta daga Paisley da kifi biyar,
wasu amare da rabin cuku da rigimar da ba su gama ba,
ni da shinkafa.
Ishbel ta shigo da tukunyar shayi, ruwa na ɗiga daga haɓarta,
ta zuba wa kowa, ta zo kaina ta dakata,
ta jefa ganye biyu a kofina.
"Na'a-na'ar mutanenki ce," in ji ta.
"Shekara talatin ina cire ta, tana dawowa.
Tun a gaɓa na gane ki. Haka duk kuke tafiya,
kafaɗa ɗaya gaba, kamar masu ture iska."

Ba ta rage mini ko sisi ba,
ni ma ban tambaya ba.

Ran tafiya na share toka, na cika bokiti,
na buɗe littafin baƙi, inda wasu suka yabi faɗuwar rana.
Na daɗe da biro a hannu, jirgi na ta busa ƙaho.
Sai na rubuta: Ƙofar na da taurin kai,
amma tana buɗuwa.
A aljihuna saiwa ɗaya, da ƙasarta, cikin jiƙaƙƙen hankici.