Gwangwanin Biskit

Sai da muka tashi sayar da gidan Campo Grande
aka janye gadon da ba wanda ya taɓa tun rasuwar kaka.
Ga gwangwanin biskit, tsatsa ta cinye furen murfinsa.
Na zaci maɓallai ne, ko allura da zare.
Ashe rasitan gidan waya ne, an ɗaure da igiyar takalmi,
kowanne da hatimi, kowanne da suna ɗaya: Tsuru.

Babana ya ce bai san ta ba.
Gwaggo Nair ta taɓe baki: wataƙila bashi ne.
Bashin ne kuwa,
amma ba irin wanda take nufi ba.

Kakan nan namu, Seitoku,
wanda 'yan kasuwa ke kira Antônio don harshensu ya huta,
ya sauka a Santos da akwatin kwali da riga biyu.
Ya tsinki kofi har tafinsa ya yi kanta,
ya yi leburanci a hanyar jirgin ƙasa, sauro na shagali a wuyansa,
daga baya ya kama tallar kabeji.
Wannan duk mun haddace, muna ba da shi a wurin biki
kamar labarin da ya kai ƙarshe.
In aka tambaye shi Okinawa sai ya ce:
teku ce da duwatsu, miƙo mini gishiri.

Na jera rasitan a kan tebur.
Wata-wata, shekara goma sha uku, ba fashi,
har shekarar da sanyi ya ƙone gonaki.
Sai na ƙarshe, dab da yaƙi ya toshe hanyar ruwa.
Bayansa ba komai sai gindin gwangwani.

Wata takwas ina rubuta wa mutanen da ban sani ba,
ina kwafar haruffan da ban iya karantawa ba
kamar mai bin sawun tsuntsu a laka.
Ofis ya tura ni ofis.
Daga Itoman wata ta amsa: takardu sun ƙone,
amma akwai wata mai sayar da kifi, a tambaye ta.

Ranar da waya ta haɗa mu, darena ne safiyarta.
Yoneko, 'yar Tsuru, shekara saba'in da huɗu.
Ta yi shiru, na yi shiru.
Kunnuwan babana ne a kanta, buɗe kamar tagogi,
har da sosa gira in magana ta maƙale.
Jikanta na juyawa da Turancin makaranta, 'yata na juya mini,
magana sai ta ratsa baki huɗu
ta iso a gajiye.

Tsuru 'yarsa ce, a goye ya baro ta.
A kogo ta ɓuya lokacin wuta, ta fito da ranta.
An ce mata ya yi sabon aure, ba a yi mata ƙarya ba.
Shi kuwa, ko an ce masa ƙauyen ya ƙone ƙurmus ya yarda,
ko kunya ce ta riƙe masa hannu,
gwangwani bai faɗa ba.
Ta rasu shekara uku da suka wuce.
Shekara uku kacal.

Na shirya wa zargi, na tanadi haƙurin da zan bayar.
Yoneko ta ce: wace rana ya rasu?
Uwata kullum safiya tana zuba masa shayi,
ba ta san ko mai rai take jira ba, ko mamaci take tunawa.
Na ce sha ɗaya ga Yuni, ana ruwa.
Ta nemi takarda ta rasa,
ta rubuta a tafin hannunta.
Sannan ta dube ni da kyau, ta ce na rame.

Jiya na raba rasitan biyu, na aika mata rabi.
Ma'aikacin gidan waya ya auna, ya buga hatimi,
ya miƙo mini rasit.
Na tsaya da shi a hannu, layi na jira a bayana.

Yana cikin gwangwanin yanzu, a saman na ƙarshe.